Idon Hagu na Baban Nana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu ido biyu ba tare da mun roƙa ba.

Sunana Balki, a Zongo nake zaune, nan Wagadugu. Mijina Sahabi direban babbar mota ne, kamiyo, ko in ce direba ne a da. Har yau bakina bai saba da "a da" ɗin nan ba. Na rubuta abin da ya same mu ne saboda 'yan'uwana matan direbobi. In kin taɓa leƙa motar mijinki kika ga wata 'yar kwalbar maganin ido a gaban sitiyari, don Allah ki karanta wannan har ƙarshe.

Sahabi Ba'adare ne, daga wajen Tawa ya zo garin nan yana saurayi. Da karen mota ya fara, har Allah Ya ba shi tuƙi a wata masana'anta a Kosodo, yana kai kaya Abijan yana ɗauko wasu. Ni kuwa haifaffiyar nan ce, na yi lakwal, wato makarantar boko, ina aikin buga takardu a wani shago a Widi. Shi bai jin Faransanci sai na gaisuwa da na jandarma. In muna tsokanar juna yakan ce mini 'yar lakwal, ni kuma in ce masa baƙauyen Adar. 'Ya ɗaya Allah Ya bar mana, Nana, shekararta uku.

Akwai wata al'ada tamu ta cikin gida. Hanyar Bobo ba ta da nisa da gidanmu, kuma ta nan yake shigowa gari in ya dawo daga Abijan. Ba ya iya tsayawa, sai ya kai mota Kosodo tukuna. To in ya zo daidai unguwarmu sai ya danna kilakson, wato hon, wata irin busa tasa, dogo sannan gajeru a jere, kamar mai kiran suna. Duk unguwa an san shi. Ni in ji, in ɗora tukunya. Nana kuwa ko tana barci sai ta zabura ta yi bakin ƙofa da gudu tana "Baba ya dawo!"

Yanzu bari in gaya muku zancen kwalbar.

A wurin aikinsu an taɓa samun wani direba da ya sha ƙwaya ya kifar da mota. Tun daga nan aka kafa doka: duk wanda zai tashi, sai shef, wato shugaban gareji, ya dubi idonsa kafin ya miƙa masa makulli. "Buɗe ido," haka yake cewa. In ya ga ja, babu tafiya, kuma kafin la'asar duk Kosodo an ce wane ɗan ƙwaya ne. To jama'a, wane direba ne zai taso daga Abijan, ya sha rana ya sha hayaƙi, barcinsa rabi da rabi, idonsa ya zauna fari? Sai suka samo dabara. Akwai wani maganin ɗigawa da masu tallar magunguna suke sayarwa a tasha, su direbobi suna ce masa sabulun ido. Ka ɗiga, kafin ka gama shan shayi ido ya yi fari tas. Babu motar da ba ta da shi. Sahabi ko taba bai taɓa sa wa bakinsa ba, goro da shayi kaɗai ya sani, amma da a ce masa ɗan ƙwaya gara ya kwana da yunwa. Shi ma yana da tasa kwalbar, kamar kowa.

Cikin damina abin ya faru. Ana gobe zai tashi, yana ɗaure tamfol a kan kaya, hadari ya taso, kowa na sauri. Da robar tsohon tayar mota suke ɗaurewa, irin wadda ake yankawa dogo-dogo. Ya ja wata da ƙarfi, ta tsinke, ta dawo ta zabge shi a idon hagu, ga ta duk taɓo. Ya shigo gida da yamma yana dafe da ido, hawaye na zuba. Na buɗe na duba, ban ga komai ba sai ja.

Na ce, "Baban Nana, mu je dispansar a duba maka."

Ya ce, "Don wanga ɗan abu? Roba ce ta shafe ni, ba harsashi ba."

Na ce, "Ido fa ake magana."

Ya ce, "In na tai gun lokotoro su liƙa mini auduga, gobe shef ya gani, wa za a ba sabuwar mota?"

Ba a daɗe da ba shi sabuwar mota ba, ga masu jira da yawa. Ya zaro kwalbarsa ya ɗiga. Da gari ya waye ya ƙara. Wallahi idon ya washe, zafin ma ya ce ya kwanta. Ya gwale mini shi yana dariya, ya ce, "To 'yar lakwal, mi kika gani?" Na ce na ga baƙauye mai taurin kai. Muka yi dariya, ya ɗauki jakarsa ya fita. Shef ya duba, ya miƙa makulli.

Makon farko a waya muka yi shi. Daga Bobo ya ce hasken rana na damunsa, ya sayi baƙin tabarau. Da suka tsallaka iyaka ya ce ji yake kamar akwai tsakuwa a ciki. Na ce ya nemi asibiti, ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa na san ta, ba ta zuwa ko'ina. A Abijan suka yi kwanaki suna jiran lodi, shi kuwa duk lokacin da idon ya yi ja sai ya ƙara ɗigawa, ya ɗan lafa, ya sake dawowa fiye da da. Daga baya sai ya rage kirana.

Usaini ne ya kira ni. Abokinsa ne na ƙut da ƙut, garinsu ɗaya, wurin aikinsu ɗaya, tare suka yi tafiyar kowa da motarsa. Ya ce, "Maman Nana, kar ki ce ni na faɗa miki. Idon maigida ba shi da kyau. Ya ɗaure shi da rawani, a haka yake tuƙi, ina bin sa a baya ina addu'a."

Ranar da ya kamata su shigo gari na kasa kunne tun azahar. Motoci na wucewa, ban ji busarsa ba. Nana ta zauna a bakin ƙofa har ta gaji. Gab da magariba sai ga Usaini ya kawo shi a bayan moto, wato babur. Ashe sun wuce tun ɗazu, bai danna ba. Tun da muka yi aure ranar ce ta farko.

Na zaunar da shi na warware rawanin. Fatar idon ta kumbura suntum, kwantsa mai ruwan ɗorawa ta manne gashin. Na jiƙa tsumma na goge a hankali na buɗe. A kan baƙin idon akwai wani farin tabo kamar an ɗiga nono, a ƙasa kuma wani farin abu ya kwanta a cikin idon kansa. Na rufe masa na dama na ce, "Yatsuna nawa?" Ya ce, "Inuwa kawai ni ke gani."

Kafin isha gida ya cika. Inna, mahaifiyata, ta zo da kwallinta na Makka da zamzam. Maƙwabciyarmu mai goyo ta ce a bari ta matsa masa nono, haka ake yi wa jarirai. Wani dattijo daga cikin mutanen garinsu ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, baki ne, tun da aka ba shi sabuwar mota idon mutane ke kansa. Kowa don Allah yake faɗa, na sani. Amma ni raina ya riga ya ɓaci. Na ce babu wanda zai ƙara sa wa idon nan komai. Inna ta ce, "Ke Balki, kwallin Makka ne kike hanawa?" Na ce, "Inna, ko daga ina ya fito, yau dai a'a." Ta tattara kayanta ta fita ba sallama. Zamzam ɗin dai ya sha.

Da safe muka je dispansar na unguwa. Allah Ya saka wa ma'aikacin da muka tarar da alheri. Kallo ɗaya ya yi wa idon, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ba zai ba mu ko ƙwaya ɗaya ba don kar mu koma gida mu zauna. Ya rubuta mana takarda, ya ce mu wuce babban asibiti wajen likitocin ido, yanzu-yanzu.

A can kuwa muka ga layi. Tsofaffi masu yanar ido, yara, mutanen ƙauye da suka kwana a baranda. Sahabi ya duƙar da kai cikin gwiwa saboda haske, ni ina tsaye. Da muka isa tagar da ake rubuta suna, mai rubutun ko ɗago kai bai yi ba, ya ba mu ranar dawowa a wata mai zuwa. Na ce masa da Faransanci mutum zai rasa ido. Ya ce kowa a nan ido ya kawo shi. Nan fa na manta da kunya. Na ɗaga murya har mutane suka juyo, na janyo Sahabi na cire masa tabarau na ce a duba. Wata nas da ke wucewa ta tsaya ta leƙa, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta kama hannunsa ta ce mu biyo ta. Ban san sunanta ba har yau, amma tana cikin addu'ata.

Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ta sa ya ɗora haɓa a kan wata na'ura mai fitila. Ta ɗiga masa wani ruwa mai launin lemo, ta kunna shuɗin haske, ta kira ni ta ce in leƙa. Wurin da ya ci ya fito kore shar, ya kusa rufe tsakiyar baƙin idon. Ta ce sunan ciwon "ulcère de la cornée". Wato gyambo ne a kan 'yar fatar nan mai kamar gilashi da ta rufe baƙin ido. Robar ta ƙarce wurin, ƙwayoyin cuta suka shiga suna ci. Farin da ya kwanta a ƙasa kuwa mugunya ce.

Sai ta ce, "Me ya sa a ciki?"

Na juya masa tambayar da Hausa. Ya zaro kwalbar daga aljihu, har da ɗan alfahari, don ta ga bai zauna haka nan ba. Ta karanta jikin kwalbar. Ta ajiye a kan tebur a hankali. Sannan ta faɗi kalmar da ba zan manta ba: "Cortisone." Ta ce maganin ba guba ba ne, su ma suna ba da shi, amma ba a kan idon da ya ƙarce ba. Shi aikinsa ya kwantar da ja da zafi. Jan nan kuwa shi ne alamar jiki na faɗa da cuta. In ka kwantar da shi, ka ɗaure wa jiki hannu, cutar ta ci gaba da ci, kai kuma kana ganin fari kana murna.

Sahabi ya ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Ta ce sabulunku ne ya ciyar da ciwon."

Bai yarda ba. Ya ce, "Duk Kosodo shi a ke sawa." Na ce, "Duk Kosodo ba roba ta zabge su ba."

Ta ɗiga masa na kashe zafi, ta kankaro ɗan abu daga gyambon da bakin wata 'yar wuƙa, ta shafa a gilasai, ta ce a kai ɗakin gwaji a gane wace irin cuta ce don a san maganin da zai kashe ta. Ba za a jira sakamako ba, za a fara magani nan take. Aka ba mu gado.

Wanda bai yi jinyar gyambon ido ba bai san wahalar ɗigo ba. Magani iri biyu, kowace awa, dare da rana, ba fashi. Ɗaya a asibitin ake haɗa shi, kuma dole ya zauna cikin sanyi, sai na sayi 'yar kula ina zuba ƙanƙara. Akwai na uku mai buɗe ƙwayar ido don rage raɗaɗi. Likita ta hana a rufe idon da auduga ko tsumma, ta ce rufewa ɗaki ne ake gina wa cuta. Wani maganin babu shi a asibiti, na hau moto na bi farmasi ɗaya bayan ɗaya cikin ruwan sama kafin in samu. Na bar aiki. Zannuwan aurena da na ɓoye suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ban ji ciwonsu ba.

Inna da ta fita cikin fushi, ita ce ta ɗauki Nana ta riƙe. Kullum sai ta ratso gari da kwanon tuwo, ga ciwon gwiwa. Ba ta ƙara ambaton kwalli ba. In ta ga ina gyangyaɗi sai ta ce, "Kwanta, in lokaci ya yi na tashe ki." Ba ta iya duba agogo ba, sai ta riƙa tambayar masu jinyar gadon kusa.

Shi kuwa maganarsa ɗaya ce kowace safiya in likita ta shigo: "Tambaye ta, yaushe ni ka komawa?" Ba ya tambayar ko zai warke, sai yaushe zai koma. Ya roƙi Usaini ya ce wa patoro, mai masana'antar, zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Idon hagu ne fa, shi ne wanda direba ke duba madubi da shi in zai wuce wata mota. Ya san abin da ake ciki, bai dai so a faɗa.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ta ce cutar mai saurin ci ce, irin ta ruwan datti, ta sauya ɗaya daga cikin magungunan. A mako na biyu muka fara ganin haske. Kwantsa ta ragu, mugunyar nan ta fara sauka, kumburi ya saɓe. Ya fara cin abinci, har ya tsokane ni, ya ce ashe lakwal na da rana. Na fita baranda na yi kukan daɗi. Likita dai ba ta yi murmushi ba. Ta ce cutar na mutuwa, amma ta riga ta ci da zurfi, abin da ya rage a tsakiya siriri ne ƙwarai. Kar ya murza, kar ya yi nishi, kar ya duƙa da ƙarfi, sallah ma a zaune.

Mun kiyaye, Allah Ya gani. Atishawa ce kawai.

Wata ranar da hantsi, cikin mako na uku, ina wanke kwanuka a famfon tsakar asibiti, na dawo na tarar da shi zaune yana murmushi. Ya ce, "Balki, albishirinki. Na yi atishawa, wani ruwa mai ɗumi ya zubo, zafin duk ya tahi. Wallahi tun da abin ga ya faru ban ji daɗi kamar yanzu ba."

Na yi hamdala, na ruga na kira nas don ta taya mu murna. Ta zo ta duba, ta fita da sauri. Sai ga likita. Ashe wurin ne ya huje, ruwan cikin ido ya tsiyaye. Sauƙin da ya ji ke nan. Wayyo, har yanzu ban manta murmushin nan nasa ba.

A ranar aka shiga da shi tiyata. Suka janyo 'yar fatar da ke kan farin ido suka rufe ramin da ita suka ɗinke, don kar a kai ga cire idon gaba ɗaya. Wannan kam sun yi nasara, kuma na gode musu. Muka ci gaba da ɗigo. Ciwo ya mutu, wurin ya haɗe.

Ranar da za a sallame mu likita ta zaunar da mu a ofishinta. Ta rufe masa idon dama, ta haska fitila a na hagu daga nan, daga can. Ya ce yana jin kamar akwai haske, amma bai san ta inda yake zuwa ba. Ta kashe fitilar ta juyo gare ni, tunda ni ce mai jin yarenta. Ta ce idon ya tsira a matsayin ido, amma gani ba zai dawo ba. Tabon zai zama hakiya. A wasu ƙasashe ana dasa sabuwar fatar, amma nasa ɓarnar ta shiga ciki, ko mun sayar da gida mun je ba ta ba mu tabbas. Sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, da ya zo ranar da robar ta same shi, ko washegari, maganin 'yan kwanaki ne.

Sahabi na kallon bakinta, yana kallon nawa. Ya ce, "Mi ta ce?"

Tun ranar da muka zo ni ce bakinsa, ni ce kunnensa. Duk abin da aka faɗa ni ke juyawa. Ran nan na nemi Hausa na rasa. Yaren da aka haife ni a ciki, na buɗe baki babu kalma ko ɗaya. Na yi da-na-sanin zuwa lakwal, wallahi, da ban ji ba da wani ne zai faɗa masa.

Ya ce, "Balki, faɗi. Ni ba yaro ba ne."

Na ce, "Ta ce idon ba zai ƙara gani ba."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya ce, "Tambaye ta, mai ido guda shina tuƙa babbar mota?"

Na san amsar, amma na tambaya, don haƙƙinsa ne. Wannan karon bai buƙaci in juya masa ba, ya ga yadda ta girgiza kai.

Muka dawo gida. Mutane suka yi ta zuwa sannu, Allah Ya ba su lada. Abin da ya fi ci mini rai ƙananan abubuwa ne. Mutumin da ke shigar da kamiyo da baya cikin lungun da moto ke shakkar shiga, yau in zai zuba shayi sai ya zuba a gefen kofi. Ya miƙa hannu zai karɓi abu ya kama iska. Nana ta zo ta hagunsa bai gan ta ba har ya buge ta, ya rungume ta yana ba ta haƙuri kamar ya yi kisan kai. Likita ta ce zai saba, kuma yana sabawa. Ba ya ƙorafi. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da ya ji ƙarfi ya ce in raka shi Kosodo ya yi sallama. Direbobi suka kewaye shi. Shef ya fito yana ta sannu, ya kasa haɗa ido da shi. Sahabi ya cire tabarau ya matsa kusa, ya ce, "Duba da kyau, shef. Yau babu ja." Babu wanda ya yi dariya, shi ma ba don dariya ya faɗa ba. Patoro ya taimaka da abin da ya taimaka, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya kuma ce in yana so akwai aikin gadi a bakin ƙofa. Har yau Sahabi bai ba da amsa ba. Motar kuwa Usaini aka ba. Ya zo har gida kansa a ƙasa, ya ce in maigida bai yarda ba ba zai karɓa ba. Sahabi ya ce, "Gara kai da wani. Ka dai riƙa duba mata mai, tana da ci."

To 'yan'uwa, ga abin da na koya da tsada. In wani abu ya daki ido, ko ya ƙarce shi, ya yi ja, yana hawaye, yana gudun haske, a ranar za a je wurin masu duba ido, ba gobe ba. In kuka ga ɗan farin tabo a kan baƙin ido, ku bar duk abin da kuke yi. Kar a ɗiga maganin tasha, kar a ɗiga ragowar na wani, kar a sa nono ko kwalli, kar a ɗaure. Kuma idon da ya daina ciwo ba lallai ya warke ba, mu sau biyu sauƙi yana yaudararmu.

Na faɗa wa direbobi wannan da bakina, sun ce gaskiya ne. Amma kwanan baya Usaini ya zo gaishe mu, saukarsa ke nan daga Abijan, idonsa fari tas. Na ce, "Usaini, har yanzu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maman Nana, shef bai daina dubawa ba." Shi ya sa na ce bari in rubuta wa mata, ko mu za mu iya abin da suka kasa. Allah Ya tsare muku idanun mazajenku, Ya ba marasa lafiya lafiya.

Jiya da la'asar muna tsakar gida. Ina tsince shinkafa, shi yana kan tabarma, Nana na kan cinyarsa tana wasa da carbinsa. Sai muka ji daga hanyar Bobo, dogo sannan gajeru a jere. Usaini ne, ya ɗauki busar yana yi mana a matsayin gaisuwa, a ganinsa girmamawa ce. Kafin in ankara Nana ta diro daga cinyar ubanta ta yi bakin ƙofa da gudu tana ihu, "Baba ya dawo! Baba ya dawo!" Ta tsaya tana leƙen hanya. Can ta waiwayo ta gan shi zaune a kan tabarma, ta tsaya tana kallonsa, ta rasa gane abin da ya faru.

Na ture faranti na ɗauki waya. Na ce, "Yanzu zan kira Usaini, wallahi ya daina mana wannan abu."

Sahabi ya ɗaga mini hannu. Ya karkata kai yana sauraron injin har ƙararsa ta ɓace cikin gari. Sannan ya ce, "Bar shi, Balki. Ta nan kaɗai ni ke sanin motar ta iso lahiya."

Na dube shi. Hawaye na gangarowa ta dama da ta hagu, duka biyun. Ban san idon da ya daina gani yana kuka ba sai jiya.